Daga Svalbard zuwa Alaska: Kilomita Nawa Ne Ta Sama?

Tun bayan hotunan filayen jiragen sama na can arewacin duniya da muka buga a fitowar da ta gabata, inda muka ce filin jirgin Longyearbyen da ke tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe da na Utqiagvik na jihar Alaska ta Amurka ba su da nisa da juna kamar yadda ake zato, wasiƙu suka yi ta shigowa. Mun zaɓi uku daga cikinsu domin amsawa a wannan fitowa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makarantar sakandare ne, kuma maganar da kuka yi ta jawo gardama tsakanina da wani abokin aikina. Mun duba taswirar duniya da ke rataye a bangon ofishinmu, muka ga Longyearbyen can sama da Turai, Utqiagvik kuma a ƙarshen hagu, tsakaninsu kusan rabin faɗin taswirar. Abokina ya auna da rula, ya yi lissafi da ma'aunin da ke ƙasan taswirar, ya samu kusan kilomita 19,000. Ni kuma da na bincika a intanet sai na ga lambobi uku daban-daban: 3,400 da 2,100 da 1,830. Don Allah wanne ne daidai, kuma ta yaya ake auna irin wannan nisa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, domin irin gardamar da ake so a ji a ɗakin malamai ke nan. Nisan da ke tsakanin filayen biyu ta sama kimanin kilomita 3,400 ne, kuma lambobi ukun da ka gani duk abu ɗaya suke faɗa, ma'auninsu ne ya bambanta. Mil ɗin da Amurkawa ke lissafin tafiya da shi mita 1,609 ne, don haka kilomita 3,400 ta zama kimanin mil 2,100. Matuƙan jiragen sama da na ruwa kuwa suna aiki da mil na teku, wanda ya kai mita 1,852, shi ya sa a wurinsu nisan yake tsayawa a wajen 1,830. Duk lokacin da mutum ya ga lambar nisa tsakanin filayen jirgi biyu, abu na farko da ya kamata ya duba shi ne ma'aunin da aka rubuta a gefenta, domin yawancin saɓanin da ake samu daga nan yake tasowa.

Kafin mu zo kan lissafin abokin aikinka, yana da kyau mu san wuraren da muke magana a kansu. Longyearbyen gari ne mai mutane kimanin 2,500 a tsibirin Spitsbergen, babba daga cikin tsibiran Svalbard, waɗanda yarjejeniyar shekarar 1920 ta sa a ƙarƙashin ikon Norwe. Garin ya samo sunansa daga John Munro Longyear, Ba'amurken da kamfaninsa ya fara haƙar kwal a wurin a 1906. An buɗe filin jirginsa a 1975, an shimfiɗa titin saukarsa a kan ƙasar da ke daskare rani da damina, kuma shi ne filin da ya fi kowane kusa da ƙuryar arewacin duniya a cikin filayen da jiragen fasinja ke zuwa bisa jadawali. A tikiti ana rubuta shi LYR. Utqiagvik kuma shi ne gari mafi arewa a ƙasar Amurka, mazaunin al'ummar Inupiat, mai mutane kusan 5,000. Sunansa Barrow ne har zuwa 2016, lokacin da mazaunansa suka kaɗa ƙuri'ar komawa ga sunan gargajiya, amma lambar filin jirginsa tana nan BRW. Filin yana ɗauke da sunayen Wiley Post da Will Rogers, matuƙin jirgi da ɗan wasan barkwanci da suka rasu a hatsarin jirgi kusa da garin a ranar 15 ga Agusta, 1935.

Abokin aikinka bai yi kuskure wajen riƙon rula ko ninka lambobi ba. Taswirar ce ta yaudare shi. Duniya ƙwallo ce, kuma babu yadda za a yi a ɓare fatar ƙwallo a shimfiɗa ta a kan takarda ba tare da an yage ta ko an ja ta ba. Yawancin taswirorin bango sun bi tsarin da Gerardus Mercator ya fitar a 1569, ko wani mai kama da shi. Mercator ya yi wa matuƙan jiragen ruwa aiki ne, masu bukatar layin da suka ja a takarda ya yi daidai da alƙiblar da kamfas ke nuna musu, kuma domin cim ma wannan sai ya miƙar da layukan tsaye, waɗanda ake kira longitud, suka tsaya gefe da gefe kamar sandunan shinge. A zahiri waɗannan layuka matsowa juna suke yi yayin da ake hawa arewa, har su haɗe a wuri ɗaya a ƙuryar arewa, kamar yadda ɓangarorin lemo ke haɗuwa a gindinsa. A kan layin Ikwaita, digiri ɗaya na longitud kimanin kilomita 111 ne. A Utqiagvik, da ke digiri 71 a arewa, ya ragu zuwa wajen kilomita 36, a Longyearbyen kuma, da ke digiri 78, bai wuce kilomita 23 ba. Taswirar Mercator tana ba dukkansu faɗi ɗaya, wato tana kumbura yankin Alaska ta arewa kusan ninki uku, yankin Svalbard kuma kusan ninki biyar. Wannan ne dalilin da ya sa tsibirin Girinlan yake fitowa kamar ya kai nahiyar Afirka girma, alhali Afirka ta ninka shi kusan sau 14.

To, tsakanin garuruwan biyu akwai kimanin digiri 172 na longitud, domin Longyearbyen yana digiri 15 da rabi a gabas, Utqiagvik kuma kusan digiri 157 a yamma. Idan aka ninka 172 da 111 za a samu ɗan abin da ya haura 19,000, wato daidai lambar abokin aikinka. Ma'aunin da ke ƙasan taswirarku a kan Ikwaita kaɗai yake faɗin gaskiya, shi kuma ya ɗauke shi ya kai shi inda ba ya aiki.

Ko da ya gyara wannan, da saura. A ce mutum ya tashi daga Svalbard ya nufi yamma sak, yana zagaya saman duniya a tsakanin digiri na 71 da na 78, kamar yadda ido ke nuna masa a taswira, zai yi tafiyar kilomita kusan 5,000 kafin ya isa. Wannan hanya zagaye ce, ko da yake a takarda ita ce ke kama da miƙaƙƙiya. Hanya mafi gajarta tsakanin wurare biyu a kan ƙwallo tana bin abin da masana ke kira babban da'ira, wato da'irar da za ta raba ƙwallon gida biyu daidai wa daida idan aka yanka shi ta kanta. Ina roƙonka, Malam, ka gwada wannan a gaban ɗalibai, domin gani ya kori ji. Ka samo ƙwallon taswirar duniya da zare mai ɗan tsawo, ka sa ɗalibi ɗaya ya danne bakin zaren da yatsa a kan Svalbard, ka ja ɗaya bakin zuwa saman Alaska har ya miƙe tsam. Zaren ba zai bi ta yamma ba, zai zame da kansa ya haye saman ƙwallon, ya kwanta dab da ƙusar da ke riƙe da shi. Daga nan ka ɗauke zaren ka shimfiɗa wannan tsawon a kan layin Ikwaita, ka ƙirga digirin da ya rufe. Za ka samu digiri 30 da ɗan ɗori, idan ka ninka da 111 kuma ka isa kusa da 3,400. Ban san wata hanya da ta fi wannan saurin cire wa yaro ruɗin da taswirar bango ke dasa masa ba, kuma abin takaici ne yadda ake barin ɗalibai su gama makaranta ba su taɓa riƙe ƙwallon taswira a hannu ba.

Akwai ma hanyar lissafi mai sauƙi da ta dace da waɗannan garuruwa biyu musamman. Da yake digiri 172 ya kusa 180, garuruwan suna kusan fuskantar juna ne ta ɓangarori biyu na ƙuryar arewa. Daga Longyearbyen zuwa ƙuryar kimanin kilomita 1,310 ne, daga ƙuryar zuwa Utqiagvik kuma kimanin 2,090, jimla 3,400. Hanyar gaskiya ba ta taka ƙuryar kanta ba, tana wucewa ta gefenta da tazarar kilomita ɗari da 'yan kai ta ɓangaren Girinlan da Kanada, amma bambancin da wannan ya kawo ƙanƙani ne. Kwamfuta tana yin lissafin ne da lambobin latitud, wato layukan kwance masu nuna nisa daga Ikwaita, da na longitud na filayen biyu, kuma idan ka ga shafuka biyu sun saɓa da kilomita goma ko ashirin, dalilin shi ne wani ya ɗauki duniya a matsayin cikakken ƙwallo mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa fata, wani kuma ya yi la'akari da cewa ta ɗan baje a sama da ƙasa.

Ba a takarda kaɗai wannan nisa ya tsaya ba, an taɓa ratsa shi, kuma labarin ya cancanci a ba ɗalibai. A ranar 11 ga Mayu, 1926, jirgin balan-balan mai suna Norge ya tashi daga Ny-Alesund da ke Svalbard ɗauke da mutum 16, cikinsu har da Roald Amundsen ɗan Norwe, Lincoln Ellsworth Ba'amurke, da Umberto Nobile ɗan Italiya wanda ya ƙera jirgin. Sun ratsa ta kan ƙuryar arewa washegari, suka fara hango gaɓar Alaska a kusa da Barrow, suka ci gaba cikin hazo har suka sauka a ƙauyen Teller a ranar 14 ga wata.

Shekara biyu bayan haka aka yi tafiyar da ta fi dacewa da tambayarka. George Hubert Wilkins, ɗan Ostareliya, da matuƙinsa Carl Ben Eielson, Ba'amurke, sun tashi daga Barrow a ranar 15 ga Afrilu, 1928, a cikin ƙaramin jirgin katako mai inji ɗaya ƙirar Lockheed Vega, wanda aka ɗaura wa takalman sulɓi a madadin tayoyi. Da gangan suka kauce wa ƙuryar arewa suka bi ta saman Kanada da Girinlan, domin abin da suke nema shi ne ko akwai wata ƙasa da ba a sani ba a cikin wannan teku. Wilkins yana auna tsayin rana da na'urar hannu yana rubuta wa Eielson alƙiblar da zai bi a gutsuren takarda. Bayan sa'a 20 da rabi a sama, da tafiyar kimanin kilomita 3,500, suka iso gaɓar Svalbard cikin guguwar dusar ƙanƙara, mai ya kusa ƙarewa, dole suka sauka a wani wuri da babu kowa, suka shafe kwana biyar a cikin jirgin suna jiran iska ta lafa. Da gari ya yi kyau sai takalman jirgin suka maƙale a ƙanƙara, ya zama sai an tura shi kafin ya motsa. Wilkins ya sauka ya tura, jirgin ya ɗauki gudu ya tashi ya bar shi tsaye a ƙasa, Eielson ya zagayo ya sake sauka. Haka ta sake faruwa a karo na biyu. A karo na uku ne Wilkins ya sa ƙafa ɗaya a cikin jirgin, ya dogara da wani icen da teku ya turo yana tunkuɗa ƙasa da shi, har jirgin ya kuɓuce da su biyun. Ashe tashar da suke nema, Green Harbour, tana nan kusa, tafiyar 'yan mintuna. A saƙon da Wilkins ya aika wa ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Amurka ya ce bai ga yanyawa ko ɗaya ba, wanda a kalmomin sirrin da suka shirya yake nufin babu wata sabuwar ƙasa a kan hanyar. Ka lura cewa kilomita 3,500 da suka yi, duk da kaucewar da suka yi da gangan, ta kusa da lambar da zarenka zai ba ka.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Idan har nisan bai wuce haka ba, ke nan mutum zai iya sayen tikiti ya tashi daga ɗayan ya sauka a ɗayan cikin 'yan sa'o'i? Na nemi irin wannan tikitin don in ga yadda yake, sai na ga tafiya ce ta fiye da kwana guda, da sauyin jirgi sau uku ko huɗu. Me ya kawo haka? Daga 'yar'uwarku mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Malama, barka kadai, kuma abin da kika gani haka yake. Da akwai jirgin fasinja da ke tashi kai tsaye, a gudun da jiragen zamani ke yi na kilomita 800 zuwa 850 a sa'a, da tafiyar ba za ta wuce sa'a huɗu da rabi ba. Jiragen ƙirar Boeing 737 da ke sauka a filayen biyu suna iya cin wannan nisa da tankinsu. Amma babu kamfanin da ke bin wannan hanya, kuma matafiyi dole ya gangara kudu sosai kafin ya sake hawa arewa.

Jiragen fasinja na yau da kullum da ke tashi daga Longyearbyen suna zuwa Tromso ne, mai nisan kimanin kilomita 960, ko Oslo, mai nisan kimanin kilomita 2,010, tafiyar kusan sa'a uku. Daga Oslo zuwa Seattle da ke yammacin Amurka kimanin kilomita 7,300 ne idan aka bi hanya mafi gajarta, kuma galibi sai an sauya jirgi a wani birnin Turai, abin da ke ƙara tsawon. Daga Seattle zuwa Anchorage, babban birnin kasuwanci na Alaska, kimanin kilomita 2,330, daga Anchorage zuwa Utqiagvik kuma kimanin 1,160. Idan kika haɗa za ki samu kusan kilomita 13,000, wato kusan ninki huɗu na nisan gaskiya, ban da zaman jira a filaye. Akwai kuma batun takardu: Svalbard ba ta cikin yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake ratsa iyakokinsu ba tare da duba fasfo ba, duk da cewa ta Norwe ce, don haka ana duba fasfo tsakaninta da babban yankin ƙasar.

Babban dalili shi ne fasinja. Jirgi yana bin inda mutane ke da hulɗa ne, kuma garuruwan nan biyu, da mutanensu gaba ɗaya ba su kai 8,000 ba, kowannensu ya juya wa ɗan'uwansa baya. Abincin Longyearbyen da ma'aikatansa da masu yawon buɗe idonsa daga Norwe suke zuwa. Utqiagvik kuwa babu titin mota na dindindin da ya haɗa shi da sauran Alaska, saboda haka wasiƙa da kayan masarufi da marasa lafiya duk ta jirgi suke bi zuwa kudu, sai kaya masu nauyi da ake kawowa ta ruwa a ɗan lokacin da ƙanƙarar teku ta narke. Babu abin da zai cika kujeru fiye da ɗari tsakanin garuruwan biyu ko da sau ɗaya a mako.

Dalili na biyu ya fi nauyi a wurina, shi ne tsaron rai. Tsakanin filayen nan babu komai sai teku da ƙanƙara mai yawo a kansa. Dokokin sufurin sama sun tanadi cewa jirgi mai inji biyu ba zai yi nisa da filin da zai iya sauka cikin gaggawa fiye da wani adadin mintuna ba. Asalin ƙa'idar minti 60 ce, sai kamfanin da ya cika sharuɗɗa na musamman a ƙarƙashin tsarin da ake kira ETOPS ake ba izinin minti 120 ko 180 ko fiye. Filayen da ke kusa da wannan hanya ƙalilan ne, kuma ba na fasinja ba ne. Akwai sansanin sojan Amurka na Pituffik a arewa maso yammacin Girinlan, wanda aka sani da Thule har zuwa 2023. Akwai Station Nord na sojan Denmak a arewa maso gabashin tsibirin, da Alert na Kanada, wanda ke da nisan kilomita 817 kacal daga ƙuryar arewa, amma waɗannan biyun titinsu na tsakuwa ne, kuma babu masaukin da zai ɗauki cikin jirgi guda na mutane a sanyin da ke iya kashe mutum cikin ɗan lokaci. Shi ya sa hukumar kula da sufurin sama ta Amurka ta wajabta wa kamfanonin da ke ratsa arewa da digiri 78 su riƙe tufafin kariya daga sanyi a cikin jirgi, su kuma gabatar da tsarin yadda za su kwaso fasinjojinsu idan aka yi saukar dole. Man jirgi ma abin lura ne, domin nau'in Jet A yana fara daskarewa a digiri 40 ƙasa da sifili, Jet A-1 kuma a 47, don haka matuƙi yana sa ido kan zafin man da ke fukafukai, idan ya ga ya yi sanyi da yawa ya sauya tsayi ko ya ƙara gudu. Hatta magana da ƙasa ba ta da sauƙi, saboda taurarin ɗan'adam da ke tsaye a saman Ikwaita, a tsayin kusan kilomita 36,000, suna ɓuya a bayan doron duniya idan aka haura wajen digiri 82, sai a koma ga rediyo mai dogon zango ko taurarin da ke zagayawa ta saman ƙuryar. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma a wannan yanki maganar ta zauna daram.

Kada ki ɗauka cewa jirage ba sa bin saman wannan teku. Suna bi kullum, amma manya ne masu haɗa manyan birane, waɗanda cinikinsu ya isa ya biya kuɗin duk waɗannan tanade-tanade. Kamfanin SAS na ƙasashen Denmak da Norwe da Suwidin ne ya buɗe wannan babi a 1954 da hanyar Kopenhagen zuwa Los Angeles ta Girinlan da Kanada, sannan a 1957 ya fara zuwa Tokiyo yana yada zango a Anchorage. A 2001 aka buɗe hanyoyin da ke ratsa ƙuryar arewa su shiga sararin samaniyar Rasha, abin da ya rage wa masu tafiya tsakanin Arewacin Amurka da Asiya sa'o'i. Da aka rufe wa kamfanonin Turai sararin Rasha a 2022, jirgin Finnair daga Helsinki zuwa Tokiyo, wanda a da yake yin sa'a tara da wani abu, ya koma yin wajen sa'a 13, kuma a wasu ranaku ta saman Svalbard da Alaska yake bi. Fasinjan wannan jirgi yana ratsa kusan sararin da muke magana a kai, sai dai ba ya sauka a ɗaya daga cikin filayen biyu.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai sha'awar tuƙin jirgin sama. Na ji an ce kamfas ba ya aiki a can. Idan haka ne, da me matuƙi zai san inda ya dosa? Kuma idan ya tashi da rana tsaka, ƙarfe nawa zai sauka?

AMSA: Allah ya cika maka burinka, ɗana. Allurar kamfas tana nuna ƙuryar maganaɗisu ne, wadda take wuri daban da ƙuryar arewa ta gaskiya, kuma ba ta zama wuri ɗaya. James Clark Ross ya same ta a yankin Boothia na arewacin Kanada a 1831, yanzu kuwa ta bar Kanada ta tsallaka teku tana matsawa wajen Saiberiya. A kusa da ita ƙarfin maganaɗisun ƙasa yana jan allura zuwa ƙasa maimakon gefe, sai ta yi ta lilo ba ta tsaya ba. Matuƙan yau suna dogara da GPS da kuma na'urar cikin jirgi da ke lissafin kowane motsi da juyi tun daga inda aka tashi, suna auna alƙibla da arewa ta gaskiya. Saboda wannan matsala ce a can arewacin Kanada ake sa wa titunan jirgi lamba bisa arewa ta gaskiya, saɓanin yadda aka saba a sauran wurare.

Akwai wani abin da zai ba ka sha'awa a wannan hanya. Matuƙin da ya tashi daga Longyearbyen zai fuskanci kusan arewa sak. Yana tafiya miƙe, bai karkata dama ko hagu ba, amma da ya zo gefen ƙuryar sai alƙiblarsa ta juya cikin ɗan lokaci ta zama yamma, jim kaɗan kuma ta zama kudu, kuma da fuskar kudu zai isa Alaska. Layukan longitud ne yake tsallakawa da sauri a inda suka matse. Don kauce wa wannan ruɗani masu tuƙi a yankin suka ƙirƙiro wata dabara ta shimfiɗa layuka madaidaita a kan taswira, su ɗauki ɓangare ɗaya a matsayin arewa tun daga tashi har sauka.

Game da agogo, Longyearbyen yana gaban Utqiagvik da sa'a goma. Wanda ya tashi ƙarfe 12 na rana ya yi sa'a huɗu da rabi a sama, agogon hannunsa zai nuna 4:30 na yamma, amma agogon filin da ya sauka zai nuna 6:30 na safiyar wannan ranar. Idan a watan Yuni ne, rana ba za ta faɗi ba tun daga tashinsa har saukarsa, domin a Longyearbyen tana sama dare da rana daga wajen 20 ga Afrilu zuwa ƙarshe-ƙarshen Agusta, a Utqiagvik ma haka take daga Mayu zuwa farkon Agusta. Idan kuwa a Disamba ne, zai tashi da tsakar rana cikin duhu, fitilun titin jirgi na kunne, domin rana ba ta fitowa a Longyearbyen daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Fabrairu, kuma zai sauka a garin da rana ta faɗi tun wajen 18 ga Nuwamba, ba za ta sake leƙowa ba sai bayan 20 ga Janairu.